Harbin Arzika

Jikana ne ya fama mini wannan tsohon miki, kuma bai san ya yi ba. Ina zaune a zaure bayan la'asar ina ɗaure hannun wata buta da waya, ya shigo ya cusa mini wayarsa a fuska, wai in ga tsofaffi irina na wata ƙasa. Na duba, sai ga wasu Turawa masu furfura sun jeru a fili, kowa da tsohuwar bindiga, irin wadda ake jan mariƙinta ta ƙasa ta tofar da kwanso ta ɗauki wani harsashi. Ya ce tara su suke yi kamar yadda wasu ke tara tsofaffin motoci, ranar hutu su fita su yi ta harbin farantin ƙarfe, kuma ba su yarda a ɗora musu madubin hange ba, da idon da Allah ya ba su suke saiti. Ban ji rabin bayaninsa ba, don kunnena ya riga ya tafi ga ƙarar mariƙin nan, ƙaras-ƙaras, ƙarar da na zaci an binne ta tare da mai ita. Can wani daga cikinsu ya harba ya kuskure, ƙura ta tashi a gefen farantin. Jikana ya kwashe da dariya ya ce, "Kai! Harbin Arzika!" Haka ake cewa a wajenmu in mutum ya cika baki ya kuskure, ko a ƙwallo ne ko a jifar mangwaro. Masu faɗin sun ɗauka Arzika wani wawa ne na cikin tatsuniya. Arzika kawuna ne, wan mahaifiyata, shi ya rene ni, kuma idona bai taɓa ganin mai saiti irinsa ba.

Gidanmu yana Ƙofar Atiku, gidan fatu ne, baƙo ko da ido rufe zai gane shi da wari. Kawu Arzika aikinsa tantance fatun jajayen awaki, ya shafa fata sau ɗaya ya gaya maka ko akuyar ta sha ƙaya ko mahauci ya yi gaggawar fiɗa. Wani Bature mai sayen fatu ya yi shekaru ba ya taɓa kaya sai Kawu ya duba, kuma tare suke fita fadama harbin ɗinya, babbar agwagwar ruwan nan. Da zai koma ƙasarsu ya bar masa bindigarsa da takardarta da gwangwani ɗaya na harsashi, takardar da Kawu bai taɓa bari ta kwana bai sabunta ba. Bututunta mai kusurwa takwas ne, ƙotarta ta yi baƙi don riƙo, a ƙarƙashinta kuma ga mariƙin nan mai kamar likkafar doki, inda ake zura yatsu uku. Shi ya sa gari duka ke kiranta Mai Likkafa. Maharbanmu na gargajiya sai sun ɗura albarushi sun daddanna da sanda kafin su sake harbi, ita kuwa ƙaras-ƙaras, ta gama shiri. Amma Kawu harsashi ɗaya yake sa mata in zai fita. Yakan ce wanda ya san akwai na biyu ba ya girmama na fari.

A wancan zamani in bindiga ta yi ƙara a fadama, kwano mata suke nema, don sun san yau akwai romo a unguwa. Manoman shinkafa da dankali su ke zuwa har zaure su durƙusa su ce gyado ya hana su sakat, Kawu ya tafi, ya dawo kafin azahar. Daga bayan ganuwa kana jin kukan kirinjijiya, in ɗinya ta taso kuwa sai ka ji fukafukinta kamar ana kakkaɓe tabarma. Yau wurin duk bulo ne da kwanon rufi, tsuntsun da ya rage sai hankaka mai bin juji. Ƙarar bindiga kuma ta canza ma'ana, ko tayar mota ce ta fashe sai ka ga kowa ya ja ɗansa ya rufe ƙofa. Ban ga laifin kowa ba, abin da ƙasa ta gani ya isa. Ina dai jin takaicin cewa yaran yanzu ba za su yarda an taɓa yin bindigar da ake murna da jin muryarta ba.

Aikina a kanta shi ne wanki. Kowace Lahadi da hantsi zan shimfiɗa buzu a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, in kawo tsumma da man keken ɗinki da siririyar sanda, in goge ta ciki da waje. Dokar Kawu ɗaya ce: mai da tsumma kawai, ƙarfe ba ya taɓa ta. In na gama sai ya koya mini saiti, amma ba da harsashi ba, don irin nata ba a samunsa a kasuwa kuma gwangwanin kullum baya yake yi. Zai ɗiga gawayi a bango, ya ɗora ƙwallon dabino a bayan bututun, ya ce in ja kunama kada ƙwallon ya faɗi. A can bakin bindigar akwai wata 'yar ƙwayar tagulla da yake kira gero, a kusa da ido kuma akwai 'yar tsaga. Sai ya tsaya a bayana yana cewa, "Sa geron cikin tsaga, sa nama bisa gero. Abu ukku na, ijiya guda ba ta riƙe su dut. Riƙe geron, bar saura su yi dishi-dishi. Kuma kak ka hizgi kunama, lallashinta a kai." Na yi shekaru ina harbin ɗigon gawayi da bindigar da ba komai a cikinta, har na ɗauka na gama sanin halinta.

Sai na girma na sami aiki a kamfanin siminti na Kalambaina, ɓangaren gyaran injuna, kuma a nan kaina ya kumbura. An ba ni ma'aunin da ke gane kaurin gashi, an koya mini cewa duk abin da ya karkace gyara yake jira. Na dawo gida na addabi kowa. Na miƙe ƙyauren zaure, na daidaita ƙafar gadon Inna, matar Kawu, har murfin tukunya bai tsira ba. Kawu ya laƙaba mini Injiniya, in ya hango ni da guduma sai ya ce, "Ku ɓoye ludduna, ga Injiniya nan tahe." Wata Lahadi yana wajen ɗaurin aure, ina goge Mai Likkafa ni kaɗai, na leƙa ta daga sama, sai na ga geron nan ba a tsakiyar bututu yake ba. Ya zame dama kaɗan, abin da bai kai faɗin ƙwayar dawa ba. Na auna, na sake aunawa, zuciyata ta ce dubi abin da tsohon nan ya yi shekaru yana fama da shi bai sani ba. Na tuna da dokarsa, amma na ce ai tagulla ba ta raunata ƙarfe. Na ɗauko ɗan guntun tagulla da ƙaramar guduma, ƙwas, ƙwas, sau biyu, geron ya dawo tsakiya cif. Na naɗe ta na rataye ina murmushi, da niyyar sai ya yi harbin da ya fi na kullum sannan in gaya masa wanda zai gode wa.

Ba a yi wata ɗaya ba Sarkin Ruwan wani ƙauyen masunta da ke bakin gulbin Rima ya aiko. Wani tsohon kada ya tare musu mashaya, ya cinye awaki, ya ja ɗan maraƙi, mata sun daina wanki, masu shinkafa sun kasa ƙetarewa gonakinsu. Muka hau kekuna da sassafe, ni ke ɗauke da bindigar. Ƙauyen duka ya fito, har da masu sayen kifi daga birni da suka fasa komawa don su ga harbi. Sarkin Ruwa ya tambayi Kawu harsashi nawa ya zo da su, Kawu ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Kada nawa na?" Aka yi dariya. Muka laɓe a bayan wata giyayya har rana ta ɗaga, sai ga kan kadan ya ɓullo, ido da hanci kawai, kamar taki sittin daga inda muke. Wurin da ake nema a bayan idonsa bai fi tafin hannu ba. Kawu ya durƙusa, ƙaras-ƙaras, ya kwantar da kunci a ƙota, ya yi bisimilla. Da ta tashi, ruwa ne ya yi tsalle, kamu ɗaya a dama da kan kadan, shi kuwa ya nutse abinsa.

Kwana uku bayan haka muka koma, kuma na ga Kawu, mai harsashi ɗaya, yana zura har uku. Wannan karon kadan ya fito da rabin kansa a kan yashi. Kawu ya harba, yashi ya tashi a dama. Ya ja likkafa da sauri ya sake harbawa kadan na sulalewa, ruwa ya sake tashi a dama, kamu ɗaya, ba ƙari ba ragi. Shi hayaƙi da bugun ƙota sun hana shi ganin inda suke sauka, ni kuwa ina gefe ina gani, kuma aikina ne sanin irin wannan. Kuskuren ido yawo yake yi, yau sama gobe ƙasa. Kuskuren da ke faɗawa wuri ɗaya sau uku na ƙarfe ne. Nan take na gane cewa tun kafin a haife ni bindigar nan hagu take kai harsashi, shi kuma ya saba kauce mata dama da kamu ɗaya har abin ya zama jininsa. Na miƙe mata gero, na bar shi da kaucewarsa. Mai saiti kuwa geron yake gani a cikin tsaga, ba ya ganin inda ya zauna a kan bututu. Muna tattara kaya wani mai kifi ya jefi kare da hoge ya kuskure, abokinsa ya ce, "Wanga ai harbin Arzika na!" Aka yi ta ƙyaƙyata, kuma kafin mu iso gida maganar ta riga mu shiga kasuwa.

A hanya, da muka hango ganuwa, Kawu ya tsaya. Ya sauka daga keke, ya murza idonsa na dama da bayan hannu, ya ce, "Injiniya, ijiya ta tahi. Na daɗe ina jin tsoron ranag ga, tun da allura tag gagare ni." Ga ƙofa a buɗe, kalma biyar ta isa, amma na ce, "Allah shi sawwaƙe, Kawu." Tsoro ne, ba wani abu ba. Na karya dokarsa, na kunyata shi a gaban ƙauye guda, ga shi an sa ranar aurena da 'yarsa Hassi bayan kaka, yarinyar da nake so tun ban san sunan abin ba. Na ce bari a yi biki sannan in faɗa. Da aka yi biki na ce bari ta haihu. Shiru kuwa in ya kwana nauyi yake ƙarawa. Kawu ko ya naɗe Mai Likkafa a cikin tsohon gwado, ya cusa ta bayan adaka, ya hana ko ni in sake fito da ita. Masunta suka kashe kadan da zago, mashinsu na ruwa, bayan ya ƙara da jakin wani bawan Allah. Manoma suka daina sallama a zaurenmu. Kawu ya daina zama a bakin kasuwa don kada ya ji sunansa a bakin yara, ya koma tsakanin ɗaki da masallaci, mutumin da a da dariyarsa ke tashin kaji. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Shekara bakwai aka yi a haka, har yanar ido ta gaske ta rufe masa gani, ciwon ƙafa kuma ya kwantar da shi. Wata Lahadi da hantsi na fito da shi inuwar darbejiya, sai ya ce in ɗauko masa tsohuwar, yana son su yi sallama. Na warware gwadon na ɗora masa ita a cinya. Ya shafa ƙota, ya zura yatsu a likkafa, ya bi bututun da tafin hannu kamar yadda yake bin fata, har babban yatsansa ya kai kan geron. Nan ya tsaya. Ya shafa ta dama, ya shafa ta hagu, ya sake.

"Wa yat taɓa mata gero?"

Na durƙusa a gabansa. Na ce, "Ni na, Kawu. Kahin mu tahi wurin kada. Na gane shi karkace, nim miƙe shi."

Na shirya wa zagi, na shirya wa tsinuwa, har na ga Hassi tana tattara kayanta. Sai na ga kafaɗunsa na rawa, ashe dariya ce, dariyar nan ta da wadda gidan ya manta, har ta koma tari, hawaye na bin gemunsa. Yana ta maimaitawa, "Ashe ba ijiyata ba ta. Ashe ba ijiyata ba ta!" Inna ta fito da ludayi a hannu tana tambayar ko lafiya. Da ya lafa ya ce tun zamanin Baturen ta faɗo daga kwalekwale geron ya zame, ya koyi halinta a haka, bai gaya wa kowa ba don maharbi ba ya tallan sirrin bindigarsa. Sannan ya laluba ya kama kunnena kamar ina ɗan shekara goma, ya ce, "Gyaran ƙuruciya ta, na yahe tun ba ka roƙa ba. Amma shirun, Injiniya, shirun ya ci mani shekara bakwai. Shi ma na yahe, don ban da lokacin riƙo. Ɗauko gudumakka."

Na ɗauko guntun tagulla da guduma. Ya ɗora yatsa a gefen geron, ina ƙwanƙwasawa a hankali yana cewa ƙara, ƙara, har ya ce tsaya. Ya ɗaga ta da ƙyar ya kwantar da kunci a ƙota, ya fuskanci bangon da ba ya gani, ya ja likkafa, ƙaras-ƙaras, ya lallashi kunama. Sai ya ce abu ɗaya ya rage, in tafi ƙauyen nan in faɗa musu da bakina. Washegari na hau keke, na jira aka sallame la'asar, na miƙe a ƙofar masallacinsu na faɗi komai. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ban kuma taɓa yin barci mai daɗi irin na bayanta ba. Sarkin Ruwa, wanda shi ma ya tsufa, ya zo har gida da ƙaton giwan ruwa, ya riƙe hannun Kawu ya ce, "Mun ci amanar sunanka, malam, ka gahwarta muna." Kawu ya yi sauran watanninsa a zaure, duk wanda ya shigo sai ya ba shi labarin yadda Injiniya ya gyara masa bindiga, yana yi yana dariya. Damina ba ta kai ƙarshe ba ya rasu.

Na wanke sunansa a wurin mutum arba'in, amma magana ta riga ta shiga bakin dubu. Mai Likkafa ta zauna a hannuna ban taɓa harba ta ba, har zamani ya lalace, ajiye bindiga a gida ya zama abin tuhuma, na naɗe ta da takardunta na kai wa hukuma da kaina. Saurayin da ya karɓa ya leƙa ta ya ce, "Baba, saitinta ya karkace." Na ce masa daidai yake, ya bar shi yadda ya gan shi. Sarkin Ruwa ya tafi, Inna ta tafi, Hassi ma ta riga ni, gulbin babu ko ɗan kada, amma harbin Arzika na nan da ransa. Tun daga ranar da na gaya wa Kawu gaskiya ban taɓa jin an faɗa na wuce ba. Ko a kasuwa ne, ko a cikin mota, sai na tsayar da mai faɗin na gaya masa wanda ya kuskure. Wasu su saurara, wasu su ce tsohon nan ya fara ruɗewa. A gida ne kawai na kasa, don ba ƙaramin abu ba ne mutum ya tsaya gaban jikokinsa ya ce shi ya ɓata sunan kakan uwayensu.

Ranar da jikana ya nuna mini Turawan nan dai na sa shi ya kashe wayar ya zauna, na gaya masa duk abin da na rubuta a nan. Yaron da ba ya barin maganata ta sauka ƙasa ranar bai tsokane ni ba. Muna nan zaune sai ƙwallon yaran unguwa ya daki bangon zaure, wani ya ƙwala ihu daga waje, "Harbin Arzika!" Na fara laluben takalmana da sanda kamar yadda na saba. Jikana ya dafa gwiwata, ya miƙe.

"Zamna, tsoho," in ji shi. "Ni za ni hwaɗa musu."